Littafin da Ya Dawo da Maiƙo

Ƙamshin man gyaɗa ne ya riga littafin isowa teburina. Safiyar Litinin ce a cikin kaka, ajin ya yi tsit, ina zaune ina karɓar littattafan da na ba 'yan mata aro a makon da ya wuce. Kowace ta zo ta ɗan rusuna, ta ajiye nata, ta koma. Da Rabi ta zuge jakarta sai na ji kamar an buɗe ƙofar wani tsakar gida ana cikin suya. Har yau in na bi ta lungu na ji ana soya ƙuli-ƙuli, ƙafata kan rage sauri ba da sanina ba.

Nana, ke nake rubuta wa wannan, ko da yake shekararki huɗu, ba ki fara haɗa baƙi ba tukuna. Za ki girma ki ji ana cewa uwarki ce ta koya wa 'yan matan makarantarmu son karatu. An taɓa faɗar haka a taron yaye ɗalibai, aka tafa, na sunkuyar da kai, mutane suka ce kunya ce. Kunyar ce kuwa, amma ba irin wadda suke zato ba. Gara ki ji yadda abin ya faru daga wurina.

A shekarar na dawo gida Daura daga jami'a, aka ɗauke ni koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Shekarata ashirin da huɗu, kaina cike da waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafin darasi ba na nuna wa kowa. Aka ba ni 'yan aji huɗu, yara masu ladabi da kyan rubutu, waɗanda duk abin da na sa a allo sai sun kwafe shi, har da inda alli ya karye. Su haddace, su zuba a jarrabawa, su manta. Wata rana na tambaye su wace ce ta taɓa karanta littafi daga farko har ƙarshe ba don malami ya ce zai yi tambaya a kai ba. Suka dubi juna. Wata ta ce ita dai ta taɓa kallon wasan kwaikwayo mai dogon zango har ƙarshe a wayar mamarta, in za a karɓi wannan. Aka yi dariya, na yi tare da su, amma na koma gida da abin a raina. Ni a cikin littattafai na tashi. Na san garuruwan da ban taɓa takawa ba, na yi kukan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Sai na ga yaran nan kamar suna zaune a ɗaki mai tagogi da yawa, ba wanda ya gaya musu ana buɗewa.

Makarantar ba ta da ɗakin karatu a lokacin, amma a gidanmu akwai akwatin Baba. Kakanki malamin gona ne, kuma duk sanda aiki ya kai shi Katsina ko Kano ba ya dawowa sai da littafi, yawanci na Hausa, labarai da tarihi da waƙoƙi. Da hannunsa yake yi wa kowanne riga da takardar buhun siminti, ya ninke kusurwoyin tsaf, ya rubuta sunansa a ciki da garin da ya samo shi. Ba ma taɓa ko ɗaya sai mun wanke hannu mun nuna masa, ciki da baya. Da ya rasu aka yi rabo, akwatin bai faɗa hannun kowa ba, aka bar shi a bayan ƙofar ɗakin Inna a matsayin na kowa. Na tambayi Inna ko in kai littattafan makaranta. Ta ce in ɗauka, su dai ba su taɓa yi mata komai ba sai tare wuri. Yayana Kabiru yana Kano. Ban kira shi ba, don na san abin da zai ce.

Ranar da na buɗe akwatin a gaban aji ban yi niyyar kuka ba, amma da na ɗago na farko na ga rubutun Baba, sai muryata ta karye.

"Waɗannan na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa," na ce musu. "Cikin abin da ya bari babu wanda ya fi su daraja a wurina. Amana ce na ba ku. Mako ɗaya, ku dawo mini da su yadda kuka karɓa."

Suka amsa da amin, wasu har da share hawaye. Na kuma yi musu alkawari ba zan taɓa tambayar kowa abin da ta karanta ba, ba maki, ba jarrabawa, domin a ganina tambaya ce ke kashe daɗin karatu. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan dabara.

Mako biyar ina cikin farin ciki. Littattafan su fita Litinin su dawo wata Litinin, tsaf, wasu ma sun fi yadda suka tafi kyau. Akan kawo su a naɗe cikin leda ko tsohon ɗankwali, suna ƙamshin kafur da turaren wuta. Da yake mutanenmu ba sa mayar da kayan aro haka nan, sai in tarar da dabino ko alewa a ƙulle a gefe, wata uwar ma ƙwan zabi biyar ta aiko. Zainab, wadda ke zama a layin gaba kuma ita ce ta ɗaya a ajin, littafi huɗu ta karɓa a jere, kowanne ya dawo kamar ko numfashi ba a hura masa ba. Nakan ɗaga nata in nuna wa sauran in ce ga yadda ake riƙe littafi. In an tashi nakan bi ta wajen rijiyar Kusugu a hankali, ina kallon gidaje, ina raya wa kaina cewa a bayan kowace katanga akwai yarinya a gindin bishiya ta nutse cikin labari. Har waƙa na rubuta a kan haka. Allah Ya taimake ni ban karanta wa kowa ba.

Rabi a can baya take zama, kusa da taga. Doguwa ce, ba ta da magana, makinta tsaka-tsaki, kuma takan makara don sai ta rarraba wa masu shago man gyaɗar uwarta kafin ta taho. Littattafan ba su kai yawan 'yan ajin ba, ita kuma ba ta iya turereniya ba, sai a mako na shida layi ya zo kanta. Wanda ya rage ta ɗauka, wani labari mai kauri a kan mutumin da ya bar gonarsa ya bi sawun ƙanensa da ya tafi cirani bai dawo ba. Duk cikin akwatin shi na fi so, domin a gefen shafukansa Baba ya yi ta rubutu da fensir, yana gardama da mai littafin.

Shi ne ya dawo a wannan safiya. Rigar simintin ta sha mai har ta yi duhu. A gefen kusan kowane shafi akwai zanen yatsa, wani babba wani ƙarami, kusurwa ɗaya ta ɗan babbake, kuma da na buɗe tsakiya sai ɓawon gyaɗa ya zubo a kan rajista. A wani shafin man ya bi ta kan rubutun Baba, fensirin ya dushe. Daga nan ban ƙara ganin komai ba. Na ɗaga littafin da yatsu biyu yadda kowa za ta gani, na tambayi ajin ko wannan littafi ne ko takardar naɗe ƙosai. Suka fashe da dariya, dariyar ta ƙara mini ƙarfi. Ni da a gida ake mini tsiya wai ko kaza ban iya kora ba, sai na ji bakina yana cewa:

"Wadda ba ta san darajar littafi ba, me take nema a makaranta? Ta zauna gida ta ci gaba da matsar mai mana."

Rabi ba ta yi kuka ba. Ta tsaya hannuwanta a cikin hijabi, ta ce in yi haƙuri, ta koma wurinta. Kafin a fita hutun tara an riga an sa mata suna Rabi Tunkuza. Washegari kujerarta ba kowa, haka ranar Laraba, haka Alhamis. Na gaya wa kaina kaka ce, yara da yawa kan yi fashi a irin wannan lokaci.

A gida na ajiye littafin a kan taga ina barbaɗa masa garin alli ko zai tsotse man. Ranar Alhamis da la'asar Inna tana tsince wake a faifai, ta tambaye ni gawar me nake yi wa wanka kwana uku. Na kwashe labarin duka na gaya mata, ina jiran ta taya ni jin zafi. Ba ta yi boko ba, karatunta na allo ne, amma ban taɓa ganin wanda ya kai ta sanin mutane ba. Ta ce in maimaita mata abin da na faɗa wa yaran ranar farko. Da na maimaita, sai ta ajiye faifan ta yi ta dariya har tana riƙe ciki.

"Kin ce musu kayan mamaci ne, kin ce amana ce, kika kuma yi kuka a kai? To Habiba, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta buɗe shi? Ni aka kawo wa, ƙasan adaka zan sa shi in kulle sai ranar mayarwa."

Na ce ba haka ba ne, yaran suna karantawa. Ta ce in tuna ƙamshin da suke dawowa da shi, ai kafur a adaka yake zama, ba a gindin bishiya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki na Rabi, ta juya shi, ta shinshina, ta ce wannan kaɗai ne ya ga rana. Sannan ta koma kan wakenta, ta faɗi wata magana ba tare da ta ɗago ba, ba kuma da ɓacin rai ba.

"Shekara talatin ina goge wa babanki littattafan nan, ban san abin da ke cikin ko ɗaya ba. Hannuna kullum da aiki, sharaɗinsa kuma kin san shi."

Washegari na karya alkawarina. Na kira Zainab gefe na tambaye ta wanne ta fi so a cikin huɗun nan. Ta dubi ƙasa. Na ce ta faɗa mini sunan mutum ɗaya kawai a cikin ko wanne. Can ta ce mamarta tun daga bakin ƙofa take karɓewa, wai in wani abu ya sami kayan marigayi ina za su sa fuskarsu. Ta ce ita ta so ta karanta mai hoton jirgin ruwa. Na kira wata, ta ce nata a saman kabad yake yin makonsa, wajen kwanonin da ba a cin abinci a cikinsu. Na kira ta uku, ta huɗu, duk maganar ɗaya. Mako biyar ina karɓar tukuicin littattafan da ba a buɗe ba, har ƙwan zabin na dafa na ci. A ajin nan kaf yarinya ɗaya ce ta yi abin da na kawo akwatin dominsa, ita kuma na kora gida da bakina.

A nan ne nake so ki ji da kyau, domin nan ne masu yabo ba su sani ba. Ban tafi gidan su Rabi a ranar ba. Sai da na ƙara mako guda cur. Nauyi nake ji, nauyin kuwa girman kai ne da ya yi lulluɓi. Na aika wata maƙwabciyarta 'yar ajin ta ce mata ta dawo, amsa ta zo cewa ta gode. Na rubuta mata wasiƙa sau uku, kowace ta fi ta baya daɗin kalmomi, ban aika ko ɗaya ba. A ofishin malamai shugabar makaranta ta duba rajista ta ce yarinya mai irin shekarun nan in ta yi mako biyu a gida da wuya ta dawo, gida kan samo mata abin yi. Ta faɗa ne kawai ta wuce, ba ta san ni ce sanadi ba. Ni kuwa kullum in na shiga aji idona can baya yake fara zuwa, in ga hasken taga kwance a kan kujerar da ba kowa.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta yafa mayafinta ta tsaya a kaina. Ta ce ba a aika wa mutum haƙuri a takarda kamar sammaci, in tashi ta raka ni. Na naɗe littafin a leda, ta warware ledar ta mayar mini, ta riƙe shi a hannu haka nan.

Gidan yana wani lungu a cikin gari. A zaure muka tarar da mahaifinta, Malam Idi, mai fataucin awaki, yana tufka igiya. Inna ta ce malamar Rabi ce. Ya dube ni sau ɗaya, ya amsa gaisuwa har ƙarshenta, ya ce mu shiga. Tsakar gidan ya ɗauki zafi da hayaƙi. Mata huɗu ne: ɗaya tana juya gyaɗa a kasko, ɗaya tana fecewa, wata tsohuwa da suke kira Gwaggo Hansai tana mulmula ƙuli, ga kuma Delu, uwar Rabi, a kan turmi tana juya niƙaƙƙiyar gyaɗa da ruwan zafi, man yana tasowa. Tana jin ko ni wace ce ta saki taɓarya, ta goge hannu a zane, ta durƙusa ta fara ba ni haƙuri tun ban zauna ba. Ta ce laifin nata ne, ba na yarinya ba. Rabi ɓoye littafin ta yi da farko, a kwana biyu ta cinye shi ita kaɗai a bayan rumbu. Dariyarta aka ji, aka ce ta zo ta faɗi abin da ke ba ta dariya, daga nan aka ce ta koma farko ta karanta a fili kowa ta ji, tunda aikin mai hannu yake ci, ba kunne ba. In hannun Rabi yana cikin aiki, sai a jingina littafin a jikin ƙwarya, wadda ke kusa ta juya mata shafi. Ta ce ta ware kwalbar mai za ta aiko mini, kunya ta hana. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, Rabi ta rantse ba za ta sake taka makarantar ba.

Duk kalmomin da na yi mako ina gogewa suka gudu. Ina neman ta inda zan fara, Gwaggo Hansai ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"Ke ce malamar? Ashe ma yarinya ce. To ke kika bar mu a tasha. Bawan Allahn nan ya iso garin da aka ce an ga ƙanensa, ya sauko daga mota ke nan, sai aka ce wai mako ya cika. Kwana goma sha biyu muna tsaye da shi a tasha, waccan mai taurin kan kuma ta ƙi gaya mana ko ya gan shi."

Mai fecewa ta ce ai ƙanen ya mutu, tun da aka yi mafarkin nan ta sani. Delu, da take durƙushe tana ba ni haƙuri yanzu-yanzu, ta juya ta ce ina, aure ya yi a can, kunyar komawa hannu wofi ce ta riƙe shi, ta san irinsu. Mai kasko ta ce ita matar yayan take tausayi, da aka bari da gona da yara ba wanda ya tambayi ra'ayinta. Suka kaure da gardama kamar a kan maƙwabcinsu ake magana. Shekara huɗu na yi a jami'a ana koya mini nazarin labari, ban taɓa jin an riƙe mutanen littafi da zafi haka ba.

Rabi tana ɗaki, ta ƙi fitowa. Na je bakin ƙofar na durƙusa a gaban labule.

"Rabi, ni ce na yi laifi. A ajin nan ke kaɗai kika karanta, ke kuma na wulaƙanta. A gaban aji na yi, a gaban aji zan ba ki haƙuri ranar Litinin. Ko ba ki zo ba sai na faɗa, amma ina roƙonki ki zo."

Mai na ta tafasa a bayana. Can ta ce daga ciki, ko ta zo Tunkuza za su ci gaba da ce mata. Na ce ba zan yi mata ƙarya ba, mai yiwuwa ne sunan ya bi ta, kuma ni na jawo. Na daɗe a durƙushe har ƙafata ta yi tsami, na dawo tabarma na zauna.

Inna kuwa ta riga ta baje. An tura mata ƙuli mai zafi a faranti, ta ɗauki ɗaya ta ci, da wannan hannun ta buɗe littafin mijinta, ta miƙo mini. Ta ce ita ba ban haƙuri ya kawo ta ba, labari ta zo ji, ta jira shekara talatin. Na nemo wurin tashar na fara karantawa. Ban yi shafi biyu ba Gwaggo Hansai ta ce in dakata, wannan ai labaran duniya nake karanto musu a rediyo. Rabi in ta zo kan direba, direba ake ji, in ta zo kan mai abinci, har ƙamshin miya ake ji. Na sake gwadawa, na kumbura murya, matan suka kwashe da dariya. Sai muka ji daga bayan labule:

"Malama, ba haka yake magana ba. Shi direban a gajiye yake."

Na ce to ta zo ta nuna mini. Labulen ya motsa. Ta fito ba ta dubi kowa ba, ta zauna a gefen tabarma, ta karɓi littafin. Da farko muryarta tana rawa, kafin ta kai ƙasan shafi ta manta da mu. Yarinyar da a aji ba na jin amsarta sai na matsa kusa, ga ta ta zama direba, ta zama tsohuwa mai masauki, ta zama mutumin da ya yi tafiyar wata uku yana tsoron abin da zai tarar. Taɓarya ta ci gaba da juyawa a hankali, kamar ita ma tana saurare. Inna ta ce a koma farko don ita ba ta san kowa ba, aka ƙi, mata huɗu suka shiga ba ta bayani a lokaci guda. Ana kiran azahar ta rufe shafin ƙarshe. Delu tana share ido da bayan hannu, Gwaggo Hansai tana cewa ita dama ta faɗa, alhali ba abin da ta faɗa. Ni kuwa sai na ji yunwa, na ci ƙuli huɗu.

Da muka fito, Rabi ta biyo mu da kwalbar man da uwarta ta dage sai mun karɓa. A zaure Malam Idi ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, ko Litinin ɗin za ta je. Daga bayanmu ta ce, "Zan je, Baba." Ya ajiye igiyar ya ce to, madalla.

Ta zo. Na ba ta haƙuri a gaban aji kamar yadda na ce, na kuma gaya musu daga yau littafin da ya dawo da ƙamshin kafur zai koma inda ya fito har sai an karanta shi. Amma maganata ba ta isa ta buɗe adakar iyaye ba. Sai da Inna da kanta ta zo taron iyaye, ta miƙe a cikin mata ta ce ita ce matar marigayin, duk littafin da ya yage ko ya jiƙe ko ya ɓata a hannun mai karatu, ta yafe duniya da lahira. Daga ranar ne suka fara dawowa da tabon miya da lanƙwasasshen kunne.

Abin bai tafi kyauta ba. Akuya ta ci rabin ɗaya, ɗaya ya faɗa randa, wasu sun tafi ƙauyukan Dutsi hutu ba su dawo ba. Da Yaya Kabiru ya zo Sallah ya buɗe akwatin, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce Inna ta yafe nata, amma shi wa ya tambaye shi? Na ba da abin da ba nawa ni kaɗai ba. Da gaskiyarsa. Ya zaɓi shida da suka fi lafiya ya tafi da su Kano, kuma kusan shekara ba ya kirana sai dai ya ce Inna ta gaishe ni. Mun shirya daga baya, amma ba ma tayar da maganar. Rubutun fensirin Baba yawancinsa ya shafe, kuma akwai ranakun da nakan so in ji me ya ce a wani shafi in tarar da tabo kawai. Kada kuma ki ɗauka ajin duka suka zama masu karatu. Zainab ta karanta mai jirgin ruwan da wani guda, ta ce ta gode, ita lissafi ya fi mata daɗi. Waɗanda abin ya kama ba su fi goma ba a shekarar, sai dai su suka ja na bayansu, su suka fara kawo nasu littattafan suna zubawa a akwatin. Sunan Tunkuza ya bi Rabi har ta gama, daga baya ma da kanta take amsa shi.

Ranar sunanki Rabi ta zo, lokacin tana kwalejin horar da malamai. Bayan mutane sun ragu ta zauna a bakin gadona tana riƙe da ke, muna tuna wancan hantsi, ina ba ta labarin wasiƙu ukun da ban aika ba tana dariya. Sai ta tambaye ni ko na san abin da take yi a ɗaki sanda muka yi sallama. Na ce fushi. Ta ce a'a, kaya take ɗaurewa. Da ta dage ba za ta koma makaranta ba, babanta ya ce ba za ta zauna haka nan ba, aka shirya za ta koma wurin wata gwaggonta a wani gari bayan Mai'adua, ƙetaren iyaka, ta riƙa taya ta saye da sayarwa. An riga an yi magana da mai babur, zai zo ɗaukarta ranar Lahadi da sassafe. Muna barin gidan, Malam Idi ya sa takalmi ya tafi ya ce masa kada ya zo.